Damina Nawa Kike So Ya Yi

Asabar, bayan la'asar

Na sake wanke rigar Baba, warin kwatar bai fita ba. Goggo ta ce in jefar da ita. Na ce to, na kuma shanya ta a ɗaki, don a waje babu abin da ke bushewa. Ruwa ake tun jiya, irin mai nacin nan da ke sa bango gumi. Takalminsa ƙafa ɗaya yana nan bakin ƙofa. Ɗayan kuwa ruwa ya tafi da shi.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba. Waɗanda suka kawo shi sun faɗa, maƙwabta sun ƙara gishiri, ya isa haka. Abin da na sani shi ne tsakanin ƙofarmu da babbar kwata babu komai sai ciyawa. Ni kuma da asuba nake fita aiki gidan burodi, daidai lokacin da Baba ke tashi neman motarsa. Ya daɗe da ajiye tuƙin bas, amma a tunaninsa kullum fasinja na jiransa a tasha. Goggo, ƙanwarsa, ita ke zama da shi, ga ciwon gwiwa. Kafin ta miƙe daga tabarma ya kai titi.

Yaya ya kira. Ya ce ko a kewaye gidan kafin ƙarshen wata, ko ya zo ya ɗauke Baba ya koma da shi wurinsa. Wurinsa bene ne, can sama, ɗaki mai taga ɗaya da ƙarafa a jiki. Baba da ko a masallaci bakin ƙofa yake zama saboda iska! Na ce za a kewaye. Da me, oho.

Lahadi, da hantsi

Bulo ya fi ƙarfina. Magini ya zo ya caka sanda a ƙasa, ta nutse kamar a kwaɓin burodi. Ya ce sai an haƙa tushe mai zurfi, ya faɗi kuɗi. Na yi dariya, shi ma ya taya ni. Waya mai ƙaya kuwa ba na ko son jin sunanta, Baba da hannu zai kama ta. Saura katako.

Litinin, bayan azahar

Kafinta ya zo. Sai-Gobe ake ce masa a unguwa, ban tambayi dalili ba, na san zan gani da idona. Dattijo ne siriri, fensir a bayan kunne. Ya zaga gidan da igiyar awo, Baba na biye da shi riƙe da bakin igiyar, fuska a ɗaure kamar shi ya ɗauko shi aiki.

Sai Sai-Gobe ya tambaye ni, a gaban Baba: "Hajiya, me za a tsare? Tsayin shinge da abin da za a tsare ake yanka shi."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Awakin maƙwabta."

Baba ya ce, "Ƙwarai kuwa! Sun gama da barkonon Kwandasta." Goggo yake nufi. Tun da kansa ya fara rikicewa ya naɗa ta kwandasta. Ko abinci aka ajiye masa ba ya sa hannu sai ta buga tire sau biyu, yadda yaron mota ke buga jikin bas in an gama lodi. Goggo ta ce, "Kwandastan da ba a taɓa biya ba," ta yi tsaki.

Sai-Gobe ya yi lissafinsa na awaki: tsayi iya ƙugu, alluna da tazara. Kuɗin bai tayar mini da hankali ba, don ba shi nake nema ba. Na raka shi har titi, na ce a ƙara tsayi ya wuce kan mutum, a kuma matse allunan.

Ya ce, "Akuyar nan tashi sama take yi?"

Ya waiga ya ga Baba tsaye a ƙofa yana naɗe igiyar a hannu, a tsanake. Ya cire fensirin daga kunne, ya mayar. Ya ce, "To. Zan sake lissafi. Sai gobe."

Talata, da magariba

Bai zo ba.

Laraba, lokacin hutun rana, a bayan tanda

Ya zo jiya bayan na gama zaginsa a zuci. Ya zaunar da ni kamar 'yar makaranta. Wai a wuri mai laima irin namu ba a tambayar kuɗin shinge, shekarunsa ake tambaya. Akwai farin katako, mai araha, mai sauƙin ƙusa, amma shan ruwa yake kamar soso. Damina biyu, in an yi sa'a uku, gindinsa ya ruɓe, abin da ya rage gara ta ƙarasa. Akwai jan katako, mai nauyi, zarto ma kuka yake a kansa. Wannan in an shafe shi da baƙin mai aka dasa a siminti, sai ya yi shekara goma sha biyar yana tsaye. Kuɗinsa ya ninka na farin har ya ɗora. Ƙusa ma iri biyu ce, wai mai arahar tsatsa ke cinye kanta, allo ya faɗo da kansa.

Ya ce, "Damina nawa kike so ya yi?"

Na ce mai daɗewa mana, wa ke son aikin banza? Ya faɗi jimla. Albashina ne na wata da watanni, ko da ba mu ci ba mu sha ba. Na ce zan yi shawara da Yaya.

Na ƙone tire guda na burodi ina wannan tunani. Mai gidan burodin ya dube ni, ya dubi tiren, ya wuce. Da ya yi faɗa ma ya fi mini.

Alhamis, da asuba

Mako guda. Na tura kujera na tokare ƙofa kafin in fita. Na ji kunyar kujerar.

Juma'a, bayan la'asar

Mun je asibiti karɓar sakamakon hoton ƙirjin Baba. Saboda ruwan da ya shaƙa suka ɗauka, sai suka ga wani abu dabam. Likita ya ce Goggo ta fita da Baba ya sha iska. Ya faɗa mini abin da ya faɗa, har da lokacin da yake ganin ya rage masa. Ya sa na kira Yaya ya ji da kunnensa.

A hanyar dawowa Baba ya yi ta gyara wa direban tasi tuƙi. "Sauke giya, yaro, kana kashe injin." Direban ya ce, "To, Baba." Mutumin kirki.

Baba ya ci abinci kaɗan.

Asabar, da hantsi

Fumfuna ta kama bayan kabad, ta kama takalmana na fita, har Alƙur'anin Goggo ya yi laushi. Komai na gidan nan jiƙe yake. Na gaji, wallahi na gaji.

Lahadi, bayan azahar

Na karanta wa Yaya lissafin a waya, na fari da na ja. Ina jin yaransa na ta ihu a bayansa. Sai ya ce, "Ki yi na farin. Zan turo rabi."

Na ce farin damina biyu yake yi.

Ya ce, "Ke ma fa kina wurin. Kin ji abin da likita ya ce."

Na kashe wayar. Ya sake kira, na kife ta a kan gado. Ban taɓa kashe wa Yaya waya ba tun da nake. Ba mugu ba ne, shi ya biya asibiti, shi ke sayen magani, ga nasa iyalin. Abin da ya faɗa ma ni na riga shi lissafawa tun a cikin tasi, ina kallon ƙeyar Baba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da ya iya fitar da shi da baki.

Goggo ta ji komai, ɗakin ba shi da sirri. Ta ce, "Ni dai ku yi wanda zai ishe ni ni ma. Ko kun ga alamar tafiya a jikina?" Na yi dariya har hawaye ya zo, daga nan kuma ba dariya ba ce.

Litinin, da yamma

Sai-Gobe ya aiko a ce mini katako ya tashi a kasuwa, motoci sun maƙale a hanya saboda ruwa. Kowane lissafi da ya kawo, kafin in gama kallonsa ya tsufa.

Talata, bayan magariba

Baba ya sake fita. Kujerar ya ɗauke ya ajiye gefe, tsaf, har da jingina ta da bango. Mai shagon kan kwana ne ya tare shi ya ba shi benci, ya ce motar na wurin bakanike, ya jira. Nan na same shi da na taso, yana jira, cikin haƙuri. Daga shagon ana jin ƙarar ruwan kwatar.

Ban gaya wa Yaya ba. Na roƙi Goggo kada ta faɗa.

Laraba, bayan la'asar

Na je rumfar Sai-Gobe da kaina. Ƙurar katako a jiƙe, ta manne a ƙasa, wurin na warin ɗanyen itace. Na ce masa kuɗin ja ba ni da shi, na fari kuma ba na so, ya san yadda zai yi da ni.

Ya ce, "Me ya sa ba kya son farin? Rabin unguwar nan shi suke yi."

Na ce ba na so ne kawai.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ban san abin da ya ji a unguwa ba, ban kuma tambaya ba. Ya ce to a raba. Ginshiƙai su ne ke cikin ƙasa, su ke shan wahala, a yi su da ja, a dasa a siminti. Alluna a yi da fari, a ɗaga su taƙi guda daga ƙasa kada su sha ruwa, a yanke kansu a karkace ruwa ya riƙa zubewa. Wanda ya ruɓe a cire shi a sa wani, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Allo ba ya ka da shinge, Hajiya. In ginshiƙi na tsaye, kullum akwai abin da za a buga wa."

Na ce a yi hakan. Na sayar da keken ɗinkin marigayiya Inna, dama tsatsa ta fara cin ƙafarsa. Na aika wa Yaya saƙo, ya turo rabinsa, kuɗin kawai.

Akwai kuma wata magana. Na ce sandunan da ake gicciyawa a buga alluna a kai, a sa su ta waje. Ya ce kowa ta ciki yake sa su, kyakkyawar fuskar shinge titi take kallo, kuma ɓarawo zai samu tsani. Na ce ɓarawon ya hau, in ya samu abin ɗauka mu raba. Ya gane. Ya ce, "Sai gobe." Na ce in ya sake ce mini gobe sai na kwana a rumfarsa.

Juma'a, da hantsi

Sai-Gobe da yaransa sun haƙa ramuka, kafin su juya duk sun cika da ruwa. Kwasa suke da gwangwani, ruwan na dawowa. An ƙara buhun siminti da tsakuwa a kan lissafi. Ban ma yi gardama ba.

Asabar, bayan azahar

Yau na ga Baba.

An kawo baƙin mai a jarka daga garejin bakanike, wanda aka juye daga injin mota, don a shafe ginshiƙai. Ana buɗe murfin Baba ya taso daga kujera. Ya tsoma yatsa, ya murza, ya shinshina. Ya ce, "Na babbar mota ne. Kuma mai ita azzalumi ne, ya bar shi ya wuce lokaci." Sai-Gobe ya ce wallahi haka bakaniken ya ce. Baba ya karɓi buroshi, ya naɗe hannun riga, ya shafe ginshiƙi bayan ginshiƙi, yana cusa man a kowace tsaga. Ya ba su labarin wata gada da ya taɓa haurawa da fasinja cike ruwa na taɓa fitila. Labarin bai ɓace masa ko sau ɗaya ba.

Ya kira ni Uwata. Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana tun ina ƙarama, amma an kwana biyu a wurinsa ni Hajiya ce mai kujerar gaba. Ya ce, "Uwata, kawo ruwa mutanen nan su sha." Na shiga ɗaki na daɗe kafin in fito da ruwan.

Ya cinye abincinsa tas. Goggo ba ta ma buga tire ba.

Lahadi, da yamma

Ruwa. Ba aiki. Tari ya hana Baba sakat.

Talata, bayan la'asar

Ginshiƙai sun kama. An fara buga alluna, farare tas a jikin baƙaƙen ginshiƙai. Baba na zaune yana kallo. Can ya ce, "Malam, an juya shingen nan bai-bai." Sai-Gobe ya ce sabon yayi ne. Baba ya ce, "Uhm."

An jima ya nuna ƙasa da sandarsa. "Ɗan akuya zai shige ta nan." Na ce saboda ruwa aka ɗaga, Baba. Ya dubi tsayin, ya ɗaga kai har hularsa ta zame. Ya ce, "Uhm," ya gyara hular.

Har magariba ina jira ya ce ya gano ni. Amma da aka kira salla ya tambaye ni ko an zuba wa motar ruwa, na ce an zuba.

Laraba, da hantsi

Yaya ya kira, na ɗauka. Ya ce yaya aiki, na ce saura ƙofa. Ya ce yaya tarin, na ce da sauƙi. Ya ce, "Ki yi haƙuri da maganar rannan." Na ce ba komai. Ya ce nawa ne jan da aka sa, na ce ginshiƙai ne kawai. Sai ya ce, "Allah ya sa mu canza allunan sau biyar." Na ce amin. Muryarsa ba ta yi daidai ba, sai muka yi sallama.

Alhamis, bayan la'asar

An rataya ƙofa. Tsakar gidan ta yi duhu kaɗan, amma akwai iska, ana ganin sama da kan bishiyar maƙwabta. Ba a ganin kwata.

Saura sakata. Tun jiya nake so in keɓe da Sai-Gobe in gaya masa inda za a sa ta, ban samu ba, Baba na manne da shi. Sai-Gobe ya tsaya da sakatar a hannu ta cikin gida, inda kowa ke sa tasa, ya ɗora ta a jikin ƙofar, ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa. Goggo ta shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Wane irin gida ne ake kulle shi ta waje saboda awaki? Na buɗe baki, ban san me zai fito ba.

Baba ya ce, "Malam, ta waje za ka buga ta."

Na ɗago kai na dube shi.

Ya ce, "Awakin maƙwabta ba su taɓa faɗawa kwata ba."

Yana zaune a kujerarsa, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Ba ni yake kallo ba, ƙofar yake kallo, yadda yake duba taya kafin tafiya. Ya ce, "Ka ɗaga ta sama kuma. Ka ga tsagar nan ta gefe? Hannuna siriri ne yanzu, zai shiga. Da asuba ba ni da amana."

Sai-Gobe ya ce, "To, Baba." Ya fita waje ya buga. Na tsaya ina jin guduma. Goggo ta shige ɗaki, na ji tana fyace hanci tana zagin mura.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ka yafe mini, na ce maka awaki." Ya ce, "Waɗanne awaki?" Ban sani ba ko hankalinsa ya sake tafiya ne, ko rufa mini asiri yake. Ya ce in duba masa ko fasinja sun cika.

Juma'a, lokacin hutun rana, a bayan tanda

Na fito da asuba ana yayyafi. Baba ya riga ni tashi, yana tsaye a tsakar gida da hularsa, sanye da rigar nan da na kasa jefarwa. Na ce Baba na tafi aiki, Goggo na ciki, shayi na kan tebur.

Na ja ƙofar, na miƙa hannu sama na tura sakatar. Sabuwa ce, ta shige da ƙara, duk layin ya ji. Sai na kasa tafiya. Na tsaya riƙe da jakata, goshina a jikin allo, katakon na warin mai da ruwa. Ina jin numfashinsa ta ɗaya gefen, da ɗan tarin nan. Na jira ya girgiza ƙofar, ko ya kira Kwandasta, ko ya zage ni. Na riga na yanke cewa in ya ce in buɗe, buɗewa zan yi, aikin ya tafi duk inda za shi.

Sai na ji ya buga allon da tafin hannu, sau biyu.

Na gyara jakata na kama hanya.